Gashin Idon Burtu

Duk wanda ya saba bin hanyar tabkin Babaye da sassafe, a nan Tawa, ya san dattijon nan mai tsohon keke da jakar fata a kafaɗa. Da an sallame Asuba yake fita. Ba ya tsayawa wurin mai shayi, ba ya doguwar gaisuwa, hannu kawai yake ɗagawa, don a cewarsa tsuntsu ba ya jiran mai tambayar lafiyar iyali. In ya isa bakin ruwa sai ya jingine keken a gindin wata bagaruwa, ya shimfiɗa buhu, ya zauna, ya ɗora allon katako a kan gwiwa. Daga nan sai ka ce dasa shi aka yi. Masu lambu su zo su ɗebi ruwa su wuce, jakuna su sha su koma, shi yana nan. Wani mai lambu ya rantse mini cewa ya taɓa ganin kurciya ta sauka a kan hularsa, ta gyara fukafukanta, ta tashi, shi ko motsi bai yi ba. Da na tambaye shi, sai ya ce a kafaɗa ta sauka, kada a yi wa kurciya ƙage.

Sunansa Malam Muktari Ɗangana. Ƴan unguwa Mai Tsuntsaye suke ce masa, alhali ko ɗaya ba shi da shi a keji. Kajin da ke tsakar gidansa ma na matarsa Raƙiya ne. Nasa tsuntsayen duk a kan takarda suke. A bana ya ajiye aikin zane da ya daɗe yana yi wa makarantun yaƙi da jahilci na jiharmu, kuma a bana ne ya daina hawa keken nan, sai dai ya tura shi. Abubuwan nan biyu dalilinsu ɗaya ne, shi ya sa na ga bai kamata in bar wannan jinjina ta ƙara kwana ba.

Ni ban shiga aji ba sai da furfura ta fara fito mini. A ajin manya da na zauna, ba harafi ne ya fara kama idona ba. Wani kwali ne da aka rataye a bango, da balbela a kansa tana tsaye kusa da ƙafar wani sa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta karkata wuya, irin karkatawar da take yi in ta ga fara ta motsa a ciyawa. Na yi noma, na yi kiwo, na ga balbela fiye da yadda zan iya tunawa, amma sai ranar na lura da yadda take tsayuwa. Na riƙa tambayar kaina wane ne wannan da ya kalli abin da kowa ke wucewa har ya kamo shi. Da na iya haɗa baƙi, suna na farko da na nemi karantawa shi ne wanda ke ƙasan kwalin. Daga baya na nemi gidansa. Ni ba mai yawan magana ba ne, shi ma haka, sai zamanmu ya zo daidai. Abin da zan faɗa a nan, wani a zaurensa na ji, wani kuma daga bakin waɗanda suka gani.

Kayan aikinsa sun isa a tsaya a duba su. Tawadarsa irin ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, sai dai yana tace ta har sai ta yi laushi. Alƙalaminsa na kara ne, shi yake fiƙe abinsa. Burushinsa gashin wutsiyar akuya ne da yake ɗaurewa a cikin ƙashin gashin tsuntsu, kuma mahautan kasuwa sun san irin wutsiyar da yake so. Yana da ɗan akwatin fentin ruwa da ake kawo masa daga Yamai, amma ja na karan dafi, da shuɗi na baba, da launin ƙasar duwatsun Adar, duk da hannunsa yake haɗa su. Da na tambaye shi abin da ya hana shi aiki in rana ta ɗaga, sai ya tsoma burushi a ruwa ya miƙo mini. Kafin in gama juya shi a hannu ya bushe. Ya ce a Tawa mai fentin ruwa da rana suke tsere, shi ya sa yake riga ta tashi. A wurinsa kuma na fara sanin cewa farin balbela ba fenti ba ne, takardar ce ake bari, a zagaye ta da inuwa.

To yaya aka yi ɗan ƙauye daga wajen Takanamat ya faɗa wannan hanya? Mahaifinsa, Ɗangana, mahalbi ne, cikin waɗanda ke farauta da burtu. Ga wanda bai sani ba, burtu wani babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki, a ƙasa yake kiwo, kuma namun daji ba sa gudunsa. Saboda haka mahalba kan samu ƙoƙon kansa da bakinsa, su kafa shi a kan sassaƙaƙƙen icce mai kamar wuya, su rufe da fata, su ɗaura a goshi. Sai mutum ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa, yana tafe yana gyaɗa kai kamar mai tsattsagar ƙwari, har ya shiga tsakiyar bareyi ba su sani ba. A gurbin ido kuwa, ƙwayar idon zakara ake liƙawa, ƴar jar ƙwayar nan mai ɗigon baƙi.

Muktari ya koyi rarrafen, ya koyi gyaɗa kan, ya koyi zama ba motsi. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ranar da mahaifinsa ya ba shi baka ya kai shi dab da wata barewa, sai ya shagala da kallon yadda kunnenta ɗaya ke juyawa gabas, ɗayan yamma, har ta gama kiwo ta yi gaba. Ya ce tsohon bai doke shi ba. Kallonsa kawai ya yi, ya ce, “Kai dai da ido kaka halbi. Allah shi ba ka abinci ta wata hanya.”

Hanyar ta biyo ta Tawa. Ya zauna wurin wani mai rubutun alluna, ya zana kawuna ga masu aski, ya zana kaji ga masu gashi, ya zana zakoki a bayan motocin kasuwa, shi da bai taɓa ganin zaki ba. Daga nan masu yaƙi da jahilci suka neme shi ya yi musu hotunan koyarwa, abubuwan da manoma da makiyaya suka sani. Cikin na farko da ya yi har da burtu. Ai wannan kam na gida ne, a ɗakin mahaifinsa ya tashi yana ganinsa rataye. Ya zana shi baƙi wuluk, da jan ido jawur, ya ɗauka da kansa ya kai ajin mata a Takanamat yana jin daɗi.

A cikin ajin akwai wata mai sayar da nono, Hajaratu, wadda ta girma tana bin shanu. Waɗanda suka zauna a ajin har yanzu suna maimaita abin da ya faru. Ta dubi kwalin, ta dubi Muktari, ta kira shi Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan.

“Mushe, wanga mi na?”

“Burtu na, Inna.”

“Burtu? To wa yam mutu mashi, da yay yi kuka har ido nai yay yi ja haka?”

Aji ya kwashe da dariya. Ita ko ba ta yi ba. Ta ce, “Ni na yi kiwo inda burtu ka kiwo. Ido nai baƙi na, da gashin ido zara-zara, ko amarya ba ta da irinai. Kuma maƙoshi nai da launi. Kai, ɗan Ɗangana, kan da babanka ka ɗaurawa kaz zano muna.”

Ya ce mini kunyar ba ta daɗe ba, mamakin ne ya zauna. Tsuntsu da gashin ido? Ya koma gida ya sauko da kan burtun nan, ya juya shi, ya ga ƙwayar idon zakara da danƙon da aka liƙa ta, ya ga busasshiyar fatar da ba sauran launi a jikinta. Sai a lokacin ya gane cewa bai taɓa ganin burtu mai rai ba. Tun kafin ya yi wayo tsuntsun ya yi nisa da ƙauyensu, don an sare manyan itatuwan da yake kwana, an kuma nome dajin. A ranar ya yanke wa kansa doka: ba zai sake zana abin da bai gani da ransa ba. Ya janye kwalin burtun, ya sa balbela a madadinsa. Ita ce na tarar a bango shekaru bayan haka.

Malam Muktari, kai ne ka ɗauki dariyar aji ɗaya ka mayar da ita aikin rayuwa. Da wani ne, da sai ya goge jan, ya ɗiga baƙi, ya ja ƴan layuka a kan idon, magana ta ƙare. Hajaratu ma ai ta faɗa maka yadda yake. Kai ka ce ji daban, gani daban, ka kama hanyar bakin ruwa.

Dokar nan ta kai shi wurare. Ya bi makiyaya arewa da damina, ya kwana a rugagensu, ya dawo da carki a kan doron saniya, da tuje yana leƙe ta saman ciyawa, da dila yana hamma. Ya zauna a bakin tabkin Tabalak har masunta suka fara aje masa kifi, ya dawo da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Ya zauna a bayan mayanka yana zanen ungulu, mutane suna cewa ko lafiya. Wani ma'aikacin kiwon dabbobi ya gaya mini cewa a wani taron allurar shanu ya buɗe hoton barewa na Muktari, sai wani dattijo Buzu ya matso, ya ɗora yatsa a kan gindin ƙahonta, ya ce wannan ba ta daɗe da haihuwa ba, ɗanta na nan kusa a kwance. Da aka tambayi mai zanen, haka ne, ɗan na bayan wani kalgo, bai dai sa shi a takardar ba.

Dokar ta kuma hana shi abubuwa. Wani mai masauki ya so a cika masa bangon falo da zaki da raƙumin dawa da jimina. Muktari ya ce bai gan su ba.

“Haba Malam, ga su nan cikin kalanda, kwaikwaya kawai za ka yi.”

“To Alhaji, ka rataye kalandar mana. Ta hi sauƙi.”

Akwai kuma masu zuwa su yi masa nasiha a kan zanen abu mai rai. Ba ya musu da su. Yakan ce ya tambayi malamai, ya ji masu hanawa, ya ji masu sassautawa in don koyarwa ne, ya bi na biyun, yana kuma roƙon Allah Ya yafe masa in ya yi kuskure. Sai ya zuba musu shayi.

Amma a cikin duk tarin takardun nan da Raƙiya ke adanawa a akwatin ƙarfe saboda gara, babu burtu. Duk makiyayin da ya sauka kasuwar Lahadi ya san tambayar Malam: “Ba ku gamu da shi ba?” Wasu su ce sun ji kukansa shekarun baya. Wasu su ce sai dai kudu, can wajen manyan dazuzzuka. Ya taɓa zuwa kudun, ya dawo da zazzaɓi da hoton cilakowa.

Sai kuma ido ya fara. Da fari ya ɗauka gajiya ce, har ranar da ya yi karo da amalanken jaki da ke gefensa bai gan shi ba. A asibiti lokotoro, wato likita, ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana tsukewa daga gefe. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da na je duba shi, shi ne ya yi mini bayani, kamar yana ba da labarin wani sabon tsuntsu. Ya ce yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta bakin gora: abin da ke tsakiya tar, na kewaye duhu, kuma bakin goran kullum ƙara matsewa yake. Sannan ya ce, “Wanda nika jira bai zo ba, ga ƙohwa tana ruhewa.”

Da ruwan farko ya sauka bana, wani makiyayi mai suna Bilal, wanda ya daɗe yana kawo masa labarin daji, ya bugo waya daga arewacin Barmu. Ya ce akwai biyu, mace da namiji, a wani kwari mai manyan gawo, kwana da kwanaki yana jin kukansu da safe kamar ana buga ganga daga nesa. Ya ce kada a yi jinkiri, don da garken shanu sun cika kwarin za su tashi.

Ina zaune a zauren sa'ad da ya shiga ɗaki ya fito da kan burtun mahaifinsa. Raƙiya ta biyo shi.

“Malam, ina za ka da wanga abu?”

“Barmu.”

“Da wace gwiwa? Kai da ko sujada sai ka ce wash? Lokotoro yac ce ka bar rana, ka bar wahala. Hanyar arewa kuma ba kamar da ta ba. In ka hwaɗa rami, burtun na za shi ɗauko ka?”

“In na zamna gida, Raƙiya, idon tsayawa za shi yi?”

Ta karɓe kan daga hannunsa ta shige ciki, na ce a raina tafiya ta fasu. Can sai ga ta ta dawo, ta cire tsohuwar igiyar da ta ruɓe ta ɗinka sabuwa, ta haɗo da baƙin zanenta da kwalbar maganin ido. Ta ce, “In ka ɓata min zane, kada ka dawo.”

Abin da ya faru a kwarin, daga bakin Bilal na ji. Ya ce safiya ta farko kuka kawai suka ji. Ta biyu suka hango su can nesa, amma Malam bai ga komai ba sai ɗigo biyu baƙaƙe da ke shiga bakin goran nan suna fita. Dole sai an matsa, kuma burtu ba ya yarda da mutum a tsaye. Sai dattijon ya ɗaura kan a goshi, ya lulluɓa da zanen matarsa, ya durƙusa. Bilal ya ce da fari dariya ta so kama shi, har ya cusa rawani a baki. Amma da tsohon ya fara tafiya, yana taku yana tsayawa, yana kai baki ƙasa yana ɗagowa, sai dariyar ta ɗauke, don bai taɓa ganin an yi haka ba, labari kawai yake ji wurin kakansa. Ƙarangiya ta cika masa hannu, bai tsaya cirewa ba.

Macen ta ja baya. Namijin kuwa ya tsaya, ya kumbura maƙoshi, ya saki kukan nan mai zurfi. Ga alama bai ji daɗin baƙo a gonarsa ba. Maimakon ya gudu, sai ya taho, taku ɗaya-ɗaya, har ya zo inda in an miƙa sanda za a taɓa shi. Ya karkata kai yana duban wannan ɗan'uwa mai jan ido, Malam kuma yana dubansa ta ƙarƙashin zane. Bilal ya ce bai san tsawon lokacin ba, shi dai ƙafarsa ta yi sanyi a inda yake ɓoye. Daga ƙarshe tsuntsun ya juya, ya yi ɗan gudu, ya buɗe fukafukai, sai ga fari fat a bakinsu, wanda ba wanda ya taɓa gaya wa Malam akwai shi.

Bilal ya ruga ya tarar da shi zaune a ƙasa, ya kasa miƙewa, yana ta dariya, hawaye na zuba. Abin da ya fara cewa shi ne, “Bilal, Hajaratu tana da gaskiya. Har ƙibta min gashin idon yay yi.” Bai yarda a ɗaga shi ba sai da aka miƙo masa allo da tawada.

Na ga hoton. Tsuntsun na tsaye ya karkata kai, shuɗi kewaye da ido, ja a maƙoshi, ga gashin idon an ja shi ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalamin kara. A gefe kuma ga shi ya buɗe fukafukai, an bar takarda fara a inda fari yake. Layukan ba su kai na da tsabta ba, wani wurin fentin ya tsallake iyaka. Raƙiya ta ce sai da ya kusan manna hancinsa a takardar kafin ya gama.

Hajaratu na nan da ranta a Takanamat, ta tsufa tukuf, amma idonta garau. Ranar kasuwa muka shiga mota muka kai mata. Aka fito da ita inuwa, ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ta, ya buɗe takardar a kan tabarma. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kusa da idon, ba ta taɓa ba.

“Wanga kam shi na,” ta ce. “Ina kag gane shi?”

“Arewa da Barmu, Inna.”

“Ashe suna nan.” Sai ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. “Amma kai ɗan Ɗangana, akwai ka da nawa. Aiken da niy yi maka tun ina da haƙora, sai yanzu?”

Malam Muktari, ɗan mahalbi da ba ka taɓa zubar da jini ba, mun gode. Kai ne ka sa manya irina, da muka zo aji a makare muna jin kunyar alli, muka tarar da abin da muka sani yana jiranmu a bango. Kai ne ka aje wa jikokinmu kamannin tsuntsayen Adar yadda suke tsayuwa da yadda suke kallo, ba ka ƙara musu ba, ba ka rage ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare maka hasken da ya rage, Ya saka wa Raƙiya da ta ɗinka igiyar.

Ku kuma da kuke karanta wannan, malamai da ma'aikata da masu riƙe da waya, mu da muke saurin ba da labarin abin da ba mu gani ba, ga mutum nan a cikinmu da ya yi shekaru yana cewa “ban gan shi ba tukuna” bai ji nauyin faɗa ba. Ku je ku gaishe shi tun yana iya gane fuskokinku. In kuna da ɗa ko ɗiya mai son zane, ku kai masa, ya ce hannu da baki suna nan ko ido ya tafi. Da sassafe za ku same shi a gindin bagaruwar nan ta bakin tabki. In kun iso, ku tsaya ta gabansa, don ba ya ganin gefe. Kuma ku rage murya, akwai wani zalɓe da yake jira ya sauke ƙafa.